Gemun da Ka Aske

"Ni dai in gaya miki gaskiya, Farfesa, namiji ba ya aske gemu don Allah. In kin ga ya kwashe shi tas ya koma kamar ɗan sakandare, to wata ce ta ce masa yana tsufar da shi. Ki buɗe ido, ki bar buɗe littafi."

Ka ji Yayarka ke nan, ya sanyin idanuna, inuwata ta tsakar rana, ruwan fari a kan busasshiyar ƙasata, kai da na zaɓa da cikakken hankalina kuma har yau ban nemi a sake zaɓe ba. Tana zaune a kan kujerarka, ta tuɓe takalmi ta miƙe ƙafa, tana shan shayi da kofinka, tana karantar da ni halin ƙaninta. Ta zaci takardun ɗalibai nake dubawa, shi ya sa nake ta rubutu ina gyaɗa mata kai. Ba ta san kai nake dubawa ba, kuma har yanzu na rasa makin da zan ba ka.

Ina gaishe ka, gaisuwar matar da ta kwana kusa da mijinta ta tashi tana kewarsa. Ina gaida idanunka da suka koyi kallon bango idan na yi tambaya. Ina gaida bakinka mai zuma, wanda a 'yan makonnin nan zumarsa ta yi yawa har ta fara ba ni tsoro.

Ina gemun nan, masoyina? Ina dajina? Ina baƙin hadarin da ya taru a ƙarƙashin farin wata, wanda nake ɓoye fuskata a cikinsa duk ranar da duniya ta ishe ni? Ka tuna ranar da na fara ganinsa? Kafin in gan ka, shi na gani. A ɗakin karatu na jami'a ne, kana zaune a kujerar da ke bakin taga, wadda kowa ya san tawa ce, kana karanta wani ƙaton littafin sinadarai, kana murza gemun da yatsu biyu kamar daga cikinsa amsar za ta fito. Na zo in tashe ka, sai ruwa ya tsuge, ka miƙe ka rufe tagar don kada littattafaina su jiƙe. Da ka juyo, ɗigon ruwa sun rataye a gashin kamar raɓa a kan ciyawar safiya. Ni kuwa, wadda ta shirya jawabi mai sakin layi uku a kan haƙƙin kujera, sai na ji bakina ya ce, "Zauna abinka." Abin da ya kai ni ke nan. Mata da yawa dukiya ta ja su, wasu asali, wasu daɗin baki. Ni gashi ne jiƙaƙƙe. Allah ya yafe wa boko.

Sai ga shi ran nan da yamma an ƙwanƙwasa, na buɗe, saura ƙiris in ce, "Wa ake nema? Maigidan ba ya nan." Wani saurayi ne tsaye da jakarka, da rigarka, da muryarka, haɓarsa fes, ta fi sauran fuskar haske kamar bangon da aka janye kabad daga jikinsa. Na tambaye ka dalili, ka ce zafi. Zafi! A tsakiyar damina, muna kwana da bargo! Kai da ka ratsa bazara bayan bazara da ƙasumbarka kana cewa ita ce fankarka! Na kawo maka abinci, na zauna ina kallon baƙon da ke taunawa da haƙoran mijina.

Wasu matan in abu ya ɗaure musu kai, wajen malami suke zuwa, wasu wajen uwarsu. Ka san wadda ka aura: washegari a ofis ƙamus na nufa, babban nan mai bin sawun kowace kalmar Turanci har gidan kakanninta. Na ce tunda da wannan harshe nake cin abinci, bari ya yi mini rana. Na nemo kalmar da suke kiran aski da ita. Ashe tun asali ba ta da wata alaƙa ta musamman da gemu. Kankarewa take nufi, irin ta kafinta a kan katako, irin ta majemi a kan fata. Danginta a harsunan maƙwabta suna nufin susa, kuma tana da 'yan'uwa marasa kyan gani: ɗaya sunan ɓawon gyambo ne, ɗaya kuma ana siffanta tufar da ta ƙoɗe da ita. Daga baya ne ta hau fuskar maza ta zauna. Daga baya kuma suka ara wa macuci ita, wanda ke yashe mutum ya bar shi ba ko tsinke. Har wanda ya tsallake rijiya da baya, da ita suke ba da labarinsa. Na karanta duka, na rufe, na ji ni malama. Ƙamus ya san inda kalma ta kwana shekaru aru-aru da suka wuce, amma bai san inda mijina ya yini jiya ba.

"Ke, kina jina kuwa? Na ce ki duba wayarsa. Ko a jami'ar ba a koya muku wannan ba?"

Ina jin ta. Kuma wallahi, farin watana, da ma gaskiyarta ne! Da ma wata ce! Da na san inda zan sa fushina, da na yi kuka irin na kowace mace, in wanke fuska, in jira ka da magana. Amma Yayarka ba ta iya kallo ba, ji kawai ta iya. Wanda ya yi sabuwar budurwa da ƙamshin turare yake dawowa. Kai da warin wani jan sabulu kake dawowa, wanda ba na gidan nan ba, gashin kanka da danshi, kamar wanda aka tilasta wa wanka kafin a sake shi. Wanda ya yi budurwa ƙara ado yake yi. Kai ka cire zoben azurfarka da agogonka ka ajiye a cikin kofin da ke kan madubi, ka ce sun matse ka, su biyun, a rana ɗaya. Na ga auduga manne a gwiwar hannunka, ka ce sauro. Wane irin sauro ne wannan mai ladabi, da zai ciji mutum ya liƙa masa filasta? Na ji ka a baranda kana raɗa wa wani lambar takalminka a waya. Wace budurwa ce ke fara soyayya da tambayar lambar takalmi? Na haɗu da mai makarantar lesin da kake cewa can kake yini, a kemis, ya gaishe ni da fara'a, ya ce yaya jikin Malam, yara suna ta tambayarsa. Na ce da sauƙi. Ka ga har ƙarya na fara yi maka kyauta.

Duk waɗannan da zan iya haɗiye su. Shatin nan ne ya tsaya mini a wuya. Kullum ka dawo, akwai wani ja a kan karan hancinka, ya gangaro ta kumatu biyu ya haɗe a ƙarƙashin haɓa, zagaye guda, kamar an kifa maka kwano a fuska an danna. Kafin mu gama cin abinci ya baje, shi ya sa kake tsammanin ban gani ba. Haba, rabin raina! Ni za a ɓoye wa wannan shati? A cikinsa na girma. Da shi na san fuskar Babana tun kafin in san harafi. Shatin takunkumin roba ne, wanda ma'aikatan masana'antar takin nan ta bayan gari ke ɗaurawa kafin su shiga wajen tankuna, inda iska ke da yajin da ke sa ƙato hawaye. Kuma na san dokar farko da ake karanta wa duk wanda aka ɗauka a can: ba a shiga da gemu. Roba sai ta kwanta a kan fata tsirara take riƙe iska. Gashi kuwa, ko ɗan tsiro ne, ɗaga ta yake yi, ya buɗe wa guba hanya.

Ka san ƙarshen Baba, don da kai aka yi. Kai ne ka riƙa ɗaukar silindar iskar nan a kafaɗa kana hawa da ita benen asibiti ranar da na'urar hawa ta lalace, tun ba a ɗaura mana aure ba, tun dangina suna kiran ka "yaron nan mai gemu". Kai ka ji yadda numfashinsa ke fita kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. Kuma a barandar asibitin, kusa da bokitin masu shara, ka kama gemunka da hannun dama ka ce mini, ko yunwa za ta kashe mu, ƙafarka ba za ta taka ƙofar masana'antar can ba. Ban roƙe ka ba. Kai ka faɗa. Ban nemi gida ba, ban nemi mota ba, wannan magana ita ce sadakina na gaskiya, sauran duk na idon jama'a ne. Yanzu abin da ka kama ka rantse da shi wanzami ya share shi ya zuba a kwandon shara. In tambaye ka, rantsuwar tana cikin sharar, ko ka ɗauke ta kafin a share?

Amma akwai abin da ba ka sani ba, don a gidanmu ba a faɗinsa. Tun ina yarinya, kowace safiya Baba zai tsaya a bakin ƙofa da kwanon abincinsa, Inna ta zo ta shafa haɓarsa da bayan hannu, daga kunne zuwa kunne. In ta ji santsi, ta ce Allah ya tsare. In ta ji kaushi, ta nuna masa hanyar banɗaki, ko da motar ma'aikata tana ta hon a waje. Yakan yi tsaki ya ce ko shugaban aikinsu ba ya wannan bincike, ita kuma ta ce ai shi ya sa take yi. Mu yara dariya muke yi, mun ɗauka irin wasansu ne na manya. Sai aka yi wa Inna rasuwa, ta tafi garinsu zaman makoki. Kwana kaɗan ne. Baba ya ga ba mai duba shi, ya ce ɗan tsiron kwana biyu me zai yi. A makon nan bututu ya fashe. Waɗanda ke tsaye kusa da shi sun fito da jajayen idanu, suka wanke, suka koma gida. Shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fito da shi, kuma duk shekarun da ya ƙara a duniya da rabin ƙirji ya yi su. Har gobe Inna gani take da ba ta yi tafiyar nan ba, da mijinta na nan. Shi ya sa ba ma tayar da zancen.

Kada ka zaci ban san abin da ya tura ka ba, idan har ka tafi. Ni ba dutse ba ce, kallon dutse kawai na iya. Tun ranar da likita ta ce mu biyu mun kusa zama uku, na ga yadda kake tsayawa kana auna lungun ɗaki da ido, inda ɗan gado zai shiga. Na ga yadda kake samun abin yi a waje duk ranar da albashina ya shigo. Na ji abokin nan naka, Dogo, wanda ya yi ƙiba tun da ya fara aiki a can, yana ce maka digiri ba a dafa shi. Namiji ne kai, kuma na kirki, kuma abin da ke kai na kirki ga halaka ya fi wanda ke kai na banza yawa. Da ka zaunar da ni ka ce, "Na kasa riƙe alkawarin nan, ga dalili," da na yi ihu, da na fasa kofi, wataƙila biyu, da na yi kwana da kwanaki ban yi maka magana ba. Sannan da na tashi da asuba na dafa maka ruwan aski. Amma ka zaɓi ka ce mini zafi.

To ga inda wayonka ya kai mu, tauraron asubahina, kuma a nan ne na ajiye biro na yi tagumi har Yayarka ta ce ko ɗaliban sun faɗi da yawa ne.

Ka ga na yi shiru, ka ga ina kau da fuska in ka matso, sai ka fassara shirun da cewa gemun nake wa takaba. Shekaranjiya ka rungumo ni ta baya ina wanke kwanuka, ka ce, "To shi ke nan, sarauniya, an bar miki shi ya dawo." Ka ɗauki rezarka ka jefa a aljihun tebur a gabana, da ƙara, don in ji. Na ɗauka wasa ne. Yau da safe ka tsaya a bakin ƙofa da jakarka, sai na ga hannuna ya tashi da kansa, ban aike shi ba, ya juya baya, ya bi haɓarka daga kunne zuwa kunne. Kaushi, masoyina. Kaushi kamar sabuwar takardar gugar katako. Ka yi murmushi ka ce, "Kin ji ko? Dajinki ya fara tsiro." Ka sauka matakala kana fito. Ni kuwa na tsaya riƙe da hannuna kamar na taɓa wuta.

Ka ga ramin da ka haƙa mana? In zargina ƙarya ne, in da gaske lesin kake zuwa, sauro ne ya cije ka, zobe ne ya matse ka, to wannan tsiro shi ne kyauta mafi daɗi da aka taɓa yi mini, kuma ni ce mahaukaciyar da karatu ya ɓata. Ina roƙon Allah ya sa haka ne! Ban taɓa kwaɗayin zama wawiya irin na yau ba. In kuwa zargina gaskiya ne, to don ka rufe bakina ka buɗe gefen takunkuminka. Don ka faranta mini za ka shiga wajen tankunan nan da hanyar guba a kan kumatunka, kuma da sunana aka buɗe ta. Na san an gaya muku dokar, kai da ka karanta sinadarai ka fi mai gaya muku sanin ta. Na kuma san abin da ka ce a ranka, don an taɓa faɗinsa a gidanmu: ɗan tsiron kwana biyu me zai yi. Shin so kake in zama Inna? So kake in tsufa ina lissafin abin da da ban yi ba? Wace irin ƙauna ce wannan, da za ta ba ni gemu ta karɓe mini mai gemun?

Na kira wayarka, a kashe, kamar kullum a irin wannan lokaci. Ka ce dokar aji ce. Na sani tun zamanin Baba cewa sababbin ɗauka da safe karatu ake yi musu, sai bayan azahar ake shiga da su ciki. Rana ba ta kai tsaka ba tukuna. Saboda haka ga abin da zan yi. Na ɗauko rezar daga aljihun tebur, na sa mata sabon kai, na haɗa da ɗan sabulunka, zan naɗe su a cikin takardar nan. Zan je ƙofar da ka rantse ba za ka taka ba, in miƙa wa maigadi, in faɗi sunanka cikakke. In ya duba ya ce ba su da mai wannan suna, zan yi masa godiyar da zai yi mamaki, in dawo gida in dafa maka abin da ka fi so, in ba ka takardar nan da hannuna ka karanta ka yi mini dariya har tsufanmu. Na yarda ka ba 'ya'yanmu labari. In kuwa ya karɓa ya ce, "Bari a kai masa," to na ji amsata daga bakin wani, ba daga naka ba, kuma wannan ciwon sai mun zauna.

Idan a can kake karanta wannan, tsaye cikin kakin da ban taɓa gani ba, to kada ka ɓata lokaci wajen shirya mini bayani. Bayani zai jira. Nemi famfo. Jiƙa fuskar sosai, ka bi ta a hankali, kada ka manta ƙarƙashin muƙamuƙi na hagu inda kullum kake tsallakewa. Ka shafa da bayan hannu, ba da tafin ba, tafi yana da ƙarya. In ka ji ko ƙwayar gashi ɗaya, ka sake. Ni da na so dajin nan fiye da yadda ya kamata mai hankali ta so gashi, ni ce yau nake roƙonka ka kashe shi, kuma in dai can za ka ci gaba da zuwa, kowace safiya sai ka bi ta ƙarƙashin hannuna kafin ka ga titi. Ba na yafe ba ne. Kada ka karanta yafiya a nan, ban rubuta ta ba. Ina so ne ka dawo da huhunka biyu, don faɗan da zan yi da kai dogo ne, yana bukatar mai numfashi.

Taka ce ni, da gemu ko babu, da gaskiyarka ko da ƙaryarka, a ranar da na yarda da kai da ranar da nake binciken aljihunka. Ruwa ya ƙafe a kogi, wata ya gaji da fitowa, ba za ka juyo ka tarar na sauya wuri ba.

Matarka, wadda ta fi son ta yi kuskure.

Ƙari, a tsaye nake rubuta shi, takardar a jikin bango. Yayarka ta ga na ɗauki mayafi ta ce, "Ina zuwa da tsakar rana, da wannan cikin? Ko kin gano gidan yarinyar ne? Tsaya in sa takalmi, ni zan fara shiga!" Na ce saƙo zan kai, Yaya, ki ƙarasa shayinki. Ta ce wa za ki kai wa? Na ce wani ne da nake fatan ba zan same shi ba. Ta ce, "Boko dai bai yi ba." Na bar ta a kan kujerarka. Na ja ƙofar, ta rufu, ga mai adaidaita can ya tsaya a bakin layi.